Yadda Na Sa Kwamfutar Shagon Yayana Ta Riƙa Shiga da Kanta

A shagon yayana, inda ake sayar da kayan gyaran babura, akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da na ɗora wa Debian 12, wani nau'in Linux, ba tare da fuskar hotuna ba, domin ƙarfinta bai kai ya ɗauki tagogi da linzami ba, kuma aikin da ake so ta yi bai buƙace su ba. Baƙin allo ne da farin rubutu, sai wata 'yar manhaja da na rubuta wadda ake shigar da abin da aka sayar da abin da ya rage a kan kanta. Ta yi watanni tana aiki lafiya, amma akwai abu ɗaya da ya dami kowa a shagon. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka juya daga wutar gwamnati zuwa janareta, kwamfutar takan mutu, idan kuma ta tashi sai ta tsaya cik tana neman sunan mai amfani da kalmar sirri, alhali ga mai saye a tsaye yana jiran a duba masa farashin birki.

Wata ranar Asabar da na leƙa shagon, sai na tarar da wata 'yar takarda manne a gefen allon, an rubuta sunan asusun da kalmar sirrin da jan biro, ɓaro-ɓaro, yadda duk wanda ya jingina da kanta zai iya karantawa. Yaron shagon ya ce mini, "Yallaɓai, idan na buga ba ta nuna komai, sai in rasa ko na buga daidai, shi ya sa na rubuta a nan." Gaskiyarsa ne, domin allon rubutu na Linux ba ya nuna ko da tauraro ɗaya idan ana buga kalmar sirri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne asusun da ke jikin takardar nawa ne, wanda yake da ikon sudo, wato ikon sarrafa komai a na'urar. A ranar na yanke shawarar cewa kwamfutar za ta riƙa shiga da kanta, amma da wani asusu dabam wanda hannunsa bai kai ko'ina ba.

Wanda yake tsayawa a bakin ƙofa yana tambayar suna wata ƙaramar manhaja ce mai suna getty, kuma tarihinta ya girmi Linux nesa ba kusa ba. Tun zamanin farko na Unix, wanda aka fara a ɗakin bincike na Bell a Amurka a shekarar 1969, mutane suna magana da kwamfuta ne ta wata na'ura mai kama da tafireta wadda ake kira teletype, kuma daga sunanta aka gutsuro kalmar tty da muke gani har yau. Aikin getty shi ne ta buɗe layin, ta rubuta gaisuwa, ta karɓi suna, sannan ta miƙa shi ga wata manhajar mai suna login, wadda ita ce take tambayar kalmar sirri, ta tantance, ta buɗe wa mutum wurin buga umarni. Wannan rabon aikin yana da muhimmanci, domin kuskuren da ya fi cin mini lokaci daga nan ya taso. A yawancin nau'o'in Linux na yanzu, wadda take wannan aiki ita ce agetty ta cikin tarin util-linux, kuma tun fitowa ta 2.20 a shekarar 2011 take da zaɓin --autologin. Allunan rubutun kuwa shida ne a al'ada, daga tty1 zuwa tty6, ana zagaya su da Ctrl da Alt da maɓallan F1 zuwa F6.

A da, gyaran layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin /etc/inittab, kuma har yanzu mutum zai ci karo da tsofaffin bayanai da ke tura shi can. Amma tun da Debian 8 ta koma kan systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin na'ura tana kula da su, a shekarar 2015, wannan fayil ɗin ya daina aiki a irin waɗannan na'urori, ko an ƙirƙire shi ba mai karanta shi. Yanzu kowane allo hidima ce mai zaman kanta, ta farkon sunanta getty@tty1.service, dukkansu kuma daga samfuri ɗaya ake yanko su. Ba na ba da shawarar taɓa wannan samfurin na asali da ke ƙarƙashin /lib/systemd/system, saboda dalili biyu: gyaran zai shafi dukkan allunan shida a lokaci guda, kuma ranar da aka sabunta systemd sabon fayil zai danne shi, aikin ya tafi a banza. Hanyar da ta dace ita ce a ɗora ƙaramin fayil na ƙari a kan allo ɗaya kawai.

Na fara da buɗe sabon asusu da umarnin adduser, na sa masa suna kanti, ban saka shi a rukunin sudo ba. Daga nan na buga sudo systemctl edit getty@tty1.service, wanda yake buɗe fayil ɗin override.conf a cikin /etc/systemd/system/getty@tty1.service.d. A nan akwai buƙatar lura, domin rubutun dole ya shiga tsakanin layukan sharhi biyu da ke saman shafin, duk abin da aka rubuta a ƙasansu za a watsar da shi idan an adana. Layuka uku na rubuta:

[Service]
ExecStart=
ExecStart=-/sbin/agetty --autologin kanti --noclear %I $TERM

Layi na biyu, wanda ba komai a bayan alamar daidai, yana kama da kuskuren bugu, kuma na san mutane da yawa suna share shi don su tsabtace fayil ɗin. Shi ne yake goge umarnin da ke cikin samfurin asali kafin a kawo sabo. Idan babu shi, systemd zai ga umarnin tashi guda biyu a hidima ɗaya, abin da bai yarda da shi ba sai ga hidimomi irin na oneshot, masu yin aikinsu su ƙare, sai ya ƙi tayar da hidimar gaba ɗaya, mutum ya tarar da tty1 babu ko wurin rubuta suna. Karan da ke gaban /sbin/agetty yana gaya wa systemd kada ya ɗauki fitar manhajar da lambar kuskure a matsayin gazawa. Alamar %I tana komawa sunan allon, wato tty1 a nan, $TERM kuma nau'in allon ne. Shi kuwa --noclear yana hana agetty share allon kafin ta fara aikinta.

Ba da wannan layin na fara ba. Da farko na buga systemctl cat getty@tty1.service, na kwafo layin asali kamar yadda yake, na ƙara masa --autologin kanti, ina ganin hakan ya fi aminci tunda ban rage komai ba. Na sake kunna na'urar, sai ga sunan kanti ya fito da kansa, amma a ƙarƙashinsa ana neman kalmar sirri kamar kullum. Na daɗe ina zargin asusun, na sake masa kalmar sirri, na duba saƙonnin hidimar da umarnin journalctl -u getty@tty1 ban ga wani ƙorafi ba, sai da na zauna na karanta shafin jagora na agetty a tsanake na gane inda gizo ke saƙa. Layin asali yana ɗauke da -o '-p -- \\u', wato jerin abin da agetty za ta miƙa wa login. Idan aka ce --autologin kawai, agetty da kanta take ƙara -f, alamar da ke gaya wa login cewa an riga an amince da wannan mutum, kada a tambaye shi komai. Amma da zarar an kawo -o, sai agetty ta janye hannunta, ta miƙa abin da aka rubuta kaɗai ba ƙari, ta cike gurbin \u da sunan. Saboda haka wanda yake so ya riƙe -o dole ya rubuta '-p -f -- \\u' da hannunsa. Ni dai na cire shi baki ɗaya, domin aikin -p shi ne hana login watsar da saitunan da aka miƙa mata, ni kuma ba ni da wanda nake son a adana mini.

Masu ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ba sa shan wannan wahalar, domin manhajar saitinta, raspi-config, tana da zaɓin shiga allon rubutu kai tsaye, kuma abin da take yi a bayan fage shi ne rubuta irin wannan fayil ɗin da sunan autologin.conf a wuri ɗaya. Wanda kuma na'urarsa take tashi zuwa fuskar hotuna, sai ya fara buga systemctl set-default multi-user.target, in ba haka ba allon shiga na hotuna ne zai tarbe shi, gyaran getty bai shafe shi ba.

Shiga kaɗai bai gama aikin ba, domin yaron shago ba wurin buga umarni yake buƙata ba, manhajar ciniki yake so ya gani. Wannan kuma a fayil ɗin .profile na asusun kanti ake yin sa, tare da tuna cewa bash, wanda shi ne wurin buga umarnin, yana fara neman .bash_profile, sannan .bash_login, sannan .profile, kuma wanda ya fara samu shi kaɗai yake karantawa. A ƙarshen fayil ɗin na rubuta:

if [ "$(tty)" = "/dev/tty1" ]; then exec /home/kanti/ciniki; fi

Sharaɗin da ke farkon layin shi ne yake tabbatar da cewa manhajar za ta tashi a allo na farko kawai. Idan babu shi, duk lokacin da na shiga asusun daga gida ta SSH, wato hanyar shiga na'ura daga nesa, don in gyara wani abu, manhajar ce za ta tare ni, in rasa hanyar isa ga fayil ɗin da zan gyara. Kalmar exec kuma na sa ta da gangan. Tana maye gurbin bash da manhajar, ta yadda idan aka rufe ta, ko hannu ya taɓa Ctrl da C, zaman ya ƙare ke nan, systemd ya sake tayar da getty, getty ta sake shigar da kanti, manhajar ta dawo cikin ƙiftawar ido, ba tare da an faɗa wurin buga umarni ba. Wannan zagayen yana da nasa haɗarin. Idan manhajar ta lalace har tana mutuwa da zarar ta tashi, zagayen zai yi ta juyawa da gudu, kuma a ƙa'idar systemd ta asali hidimar da ta tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 dakatar da ita ake yi, allon ya tsaya shiru. Wannan ne ya sa ban taɓa tty2 zuwa tty6 ba. Suna nan suna tambayar suna da kalmar sirri kamar da, kuma ta nan zan shiga da asusuna in gyara, ko in buga systemctl revert getty@tty1.service in mayar da komai yadda yake.

Yayana bai amince nan take ba. Ya ce, "To yanzu duk wanda ya kunna ta ya shiga ke nan?" Na ce masa, "Haka ne, Yaya, amma abin da zai samu shi ne abin da yaronka yake samu, ba zai iya sa manhaja ko goge fayilolin na'urar ba." Tambayarsa tana kan hanya, kuma na ɗauke ta da muhimmanci. Ba zan yi wannan a kwamfutar tafi-da-gidanka da ake yawo da ita a jaka ba, kuma ba zan taɓa yin sa da asusun root mai cikakken iko ba, ko da agetty za ta karɓa. Sai dai ya kamata a san iyakar kariyar da tambayar kalmar sirri take bayarwa tun asali. Wanda ya zauna a gaban na'ura kuma ya san hanya zai iya gyara layin tashi a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya sami cikakken iko, ko ya tayar da ita daga filashi, ko ya kwance faifan ajiyar ya tafi da shi. Abin da ke hana wannan shi ne kulle faifan da LUKS, tsarin ɓoye bayanan faifai, shi kuma a yadda aka saba kafa shi yana neman tasa kalmar a kowane tashi, wanda ya rushe manufar aikin gaba ɗaya. A shagon mun zaɓi barin faifan a buɗe, domin lissafin kaya ne a ciki, ba bayanan banki ba, mun dogara da kwaɗon ƙofa da kwafin da nake ɗauka duk mako. SSH kuwa na hana shi karɓar kalmar sirri kwata-kwata, sai mabuɗi, tunda tsohuwar kalmar ta daɗe a manne kowa yana gani, kuma na canza ta a ranar.

Saura abu ɗaya wanda ba a cikin Linux yake ba. Ko da an gama duk wannan, kwamfutar tebur ba za ta tashi bayan an kawo wuta ba sai an danna maɓallinta, sai fa idan an shiga BIOS, wato saitin na'urar na tushe, an canza zaɓin da ke cewa me za ta yi idan wuta ta dawo, daga zama a kashe zuwa kunnawa. Na canza shi, kuma na sa mata sabon batirin CR2032 a kan allon uwa, domin idan wannan ɗan batirin ya mutu saitin BIOS yakan koma na masana'anta, agogo ma ya rikice, kwanan watan ciniki ya fito ba daidai ba.

Da muka zo gwaji ban yi amfani da umarnin sake kunnawa ba, domin ba haka abin yake faruwa a shagon ba. Na sa yaron ya zare wayar wutar daga bango, muka ɗan jira, ya mayar. Fankar ta tashi, saƙonnin tashi suka gangaro, layin shiga ya bayyana da sunan kanti, sannan jerin kayan shagon ya cika allon ba wanda ya taɓa madannai. Muka maimaita sau uku, na danna Ctrl da Alt da F2 na tabbatar allo na biyu yana nan yana neman kalmar sirri, na dawo na farko, sannan na ɓamɓare takardar daga gefen allon na yayyaga ta.