Hannun dama na Marc Márquez

Har yau ina tuna faɗuwar Marc Márquez, gwanin tseren babur na duniya, a filin tseren Jerez na ƙasar Sifaniya, a Yulin 2020. Babur ya watsar da shi, ƙashin damtsensa na dama ya karye. Sau huɗu ana yi masa tiyata. Wallahi a raina na ce shi ke nan, tasa ta ƙare.

Ya bar Honda bayan shekara 11, ya hau Ducati. Ranar da ya sake ɗaukar kambun duniya a Motegi ta Japan, a Satumban 2025, ina zaune da waya a hannu. Shi yana kuka cikin hular kwano, ni ma idona ya ciko. Da wannan hannun fa yake kwantar da babur a kwana, har gwiwar hannunsa tana gogar kwalta!