Zaman da muka kafa mu iyayen yara masu galahanga

Autata ta kusa wata shida wuyanta bai tsaya ba, jikinta laƙwas, nono ma da ƙyar take kamawa. Dangi kowa da abin da yake faɗa: wannan ta ce iska ce, waccan ta ce a nemo rubutu da hayaƙi. Wata likitar yara ce ta zaunar da mu ni da babanta ta yi mana bayani dalla-dalla. Galahanga ce irin wadda ake kira Down. Ƙwayoyin gadon mutum 46 ne, ita nata 47, an samu ƙari a kan ta 21. Ba jifa ba ne, ba kuma wani abu na ci ba da cikinta.

Likitar ta rubuta mana abin da za mu bi: hoton zuciya tukuna, domin kusan rabin irin waɗannan yara da matsalar zuciya ake haifarsu, sai gwajin ji da na gani, da gwajin jini na maƙoshi, sannan sashen gashi, wato inda ake motsa wa yaro gaɓoɓi. Wannan takarda ita ce taimako mafi girma da na samu. Daga baya na gane iyaye da yawa ba su taɓa samun wanda ya jera musu haka ba.

A kan bencin jiran layi a sashen gashi na fara sanin sauran mata. Wata ɗanta shawara ce ta kama shi a makon haihuwa, aka tsaya shanya shi a rana har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yana shekara huɗu bai zauna ba. Wata kuma nata yana gudu ko'ina amma ba ya magana, ba ya kallon ido. Larurorin daban-daban ne, gajiyar iri ɗaya. Muka karɓi lambar juna, muka buɗe zaure a WhatsApp, daga nan muka fara haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu duk ƙarshen wata.

Abin da ya fi cin mata shi ne kuɗin mota da rashin mai riƙe yaro. Sai muka fara adashi na kuɗin zuwa asibiti kaɗai. Muka kuma tsara karɓa-karɓa: wadda ke da biki ko rashin lafiya ta kawo ɗanta, a riƙe mata yini guda. Wata baiwar Allah ranar da aka fara riƙe mata, ba ta je ko'ina ba, gida ta koma ta yi barci. Da ta dawo ta ce da ni, "Yaya, rabona da barcin rana tun da na haife shi."

Mai gashi yana ganin yaro na ɗan lokaci ne, sauran aikin na gida ne, shi ya sa duk wadda aka koya wa abu sai ta koya mana. Haka na koyi rarraba aiki gutsi-gutsi. Cin abinci da cokali, na fara da riƙe hannunta duka har baki, na koma riƙe wuyan hannu, na koma taɓa gwiwar hannu kawai. Na naɗe bindin cokalin da tsumma don ya yi kauri ta iya damƙa. Watanni muka yi a kai. Ranar da ta kai kunun gyaɗa bakinta da kanta, rabinsa a haɓa, sai da babanta ya yi hawaye.

Makaranta ce ta fi ba mu wuya. Makarantun masu buƙata ta musamman da ke kusa da mu an tsara su ne domin kurame da makafi, na kuɗi kuwa sai su ce iyayen sauran yara za su janye nasu. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce mai larurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitin gwamnati. Mun buga ta, muna zuwa da ita, mu biyu ko uku, domin an fi sauraron mu in ba mutum ɗaya ba ce. Amma takarda ba ta samar da malami. Wata matashiya da ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ita muka haɗa kuɗi muke biya, take zagaya azuzuwan yaranmu tana nuna wa malamansu dabaru.

Iyaye maza har yanzu kaɗan ne ke leƙo mu, kuma wannan yana damuna, domin su ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Akwai kuma 'yan mata biyu a cikin yaranmu da suka fara al'ada. Zaman wata mai zuwa a kansu ne: yadda za a koya musu tsarki, da yadda za su gane wanda bai kamata ya taɓa jikinsu ba, su kuma faɗa. Mun roƙi wata ungozoma ta zo, ta ce in sha Allahu za ta zo.