Ranar da shafin sakamako ya mutu ina Daura

Ƙarshen zangon karatu na uku ne, watan Yuli, ina zaune a kan tabarma a ƙofar wani gida a Daura ana jiran liman ya iso a ɗaura auren abokina, wayata ta fara ruri. Shugaban wata makaranta mai zaman kanta ne a Katsina, wadda na gina wa shafin duba sakamakon ɗalibai watanni biyar kafin nan.

"Injiniya, kana ina? Iyaye sun cika mini ofis. Kowa ya buɗe shafin sai ya ga wani rubutun Turanci da lamba 502."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina Daura, amma a ba ni minti goma."

Ban san ta inda zan samo minti goman ba, domin kwamfutata tana gida a Ƙofar Kaura. Na tashi na zaga bayan gidan inda sabis ya fi ƙarfi, na shiga sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, daga waya ta SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa, ina danna haruffa da babban yatsa, gumi na zuba. Manhajar shafin ta mutu tun ƙarfe biyu da wani abu na dare. Umarni ɗaya na buga ta tashi. Kusan awa tara shafin yana kwance, iyaye suna kashe kuɗin data suna sake gwadawa, maganin kuwa bai kai daƙiƙa goma ba. Da na dawo wurin taron har an shafa fatiha.

Tsarin ba wani mai wahala ba ne. Sabar haya ce mai Ubuntu, wani nau'in Linux, da ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 1. A gaba akwai nginx, shi ke karɓar baƙi, yana miƙa buƙatarsu ga manhajar da na rubuta da Node.js, ita kuma tana ɗauko maki daga ma'adanar bayanai ta PostgreSQL. Lambar 502 na nufin nginx ya ƙwanƙwasa ƙofar manhajar bai samu amsar kirki ba. Laifina shi ne da nohup na tayar da ita, umarnin da ke barin ta tana gudana ko na fita, na rufe kwamfuta na tafi, babu wanda na bari yana kula da ita. Daga Node.js na 15 zuwa sama, kuskuren da ya taso cikin aikin da ake jiran sakamakonsa, idan ba a tare shi ba, yana kashe manhajar gaba ɗaya. Wani uba ya shigar da lambar ɗalibi da wata alama da ban yi tsammani ba, shi ke nan.

A daren da na koma Katsina na rubuta ɗan gajeren rubutu na sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya riƙa gudanar da shi duk minti ɗaya: ya duba jerin abubuwan da ke gudana da ps, ya tace da grep, in bai ga sunan manhajar ba ya tayar da ita. Na kwanta hankalina kwance. Bayan kwana huɗu shafin ya sake faɗuwa, rubutun nawa kuma bai motsa ba. Sai da na zauna na bi shi layi-layi na gane cewa grep ɗin kansa yana fitowa a jerin, ɗauke da sunan da yake nema. Wato kullum yana ganin inuwarsa ya ce komai lafiya. Da na kashe manhajar da hannuna sau ɗaya na gwada tun a daren farko, da na kama wannan nan take. Tun daga lokacin ban ƙara yarda da mai gadin da ban gwada shi ba.

Wani abokin sana'a da muke haɗuwa a wurin mai shayi kusa da Ƙofar Soro ya ce mini, "Kai ma dai, systemd yana zaune a sabarka, kana wahalar da kanka da cron." Gaskiyarsa. Systemd, mai kula da hidimomin sabar, shi ne ke tayar da nginx da PostgreSQL tun farko, kuma tunda shi ya haifi aikin, da zarar ya mutu yana sani, ba sai ya jira minti ya cika ba. Na rubuta fayil ɗin hidima a /etc/systemd/system, na sa Restart=on-failure, na kashe manhajar da kill -9, kafin na sake loda shafin ta dawo.

Akwai tarko a nan da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Idan ba ka faɗa masa komai ba, systemd yana jiran kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne kawai kafin ya sake tayarwa, kuma idan ya tayar sau biyar cikin daƙiƙa goma sai ya ɗaga hannu ya bar hidimar a mace. Na ci karo da wannan ranar da na sake kunna sabar bayan sabunta manhajoji. Tawa manhajar tana karanta bayanan makaranta daga ma'adanar bayanai da zarar ta tashi, PostgreSQL kuwa bai gama shiri ba. Ta faɗi sau biyar cikin ƙiftawar ido, systemd ya haƙura da ita. Na ƙara After=postgresql.service don ta bi bayansa, na sa RestartSec=5. Da tazarar daƙiƙa biyar, ba yadda za a yi tashi biyar su shiga cikin daƙiƙa goma, don haka zai ci gaba da gwadawa har ta tsaya da ƙafarta.

Na ɗauka na gama. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

A zangon farko na sabuwar shekarar karatu aka kira ni cewa shafin yana ta juyi ba ya buɗewa, daga baya ya nuna 504. Na duba, systemctl status ya nuna mini koren ɗigo, manhaja tana gudana. A wurin systemd tana raye, a wurin iyayen yara ta mutu. Abin da ya faru shi ne: manhajar tana da igiyoyi goma da take magana da PostgreSQL ta cikinsu, adadin da pg, kayan aikin da ke haɗa ta da PostgreSQL, ke bayarwa ke nan in ba ka canza ba. A wani lungu na rubutuna, idan kuskure ya auku ba na mayar da igiyar da na ara. A hankali goman suka ƙare. Duk buƙatar da ta shigo sai ta tsaya a layi tana jiran igiyar da ba za ta dawo ba, har nginx ya cika daƙiƙa 60 ɗinsa ya yanke ƙauna. Wannan suma ce, kuma mai gadin da ke duba numfashi kaɗai ba zai gane ta ba.

Na gyara kuskuren, sannan na buɗe wata ƙaramar ƙofa a manhajar na kira ta /lafiya. Duk wanda ya taɓa ta, sai manhajar ta ari igiya daga wuri ɗaya da sauran buƙatu, ta aika wa PostgreSQL 'yar tambayar gwaji SELECT 1, ta amsa da 200, lambar da ke nufin komai lafiya. Wannan na da muhimmanci: da na sa ta amsa "lafiya" kawai ba tare da ta bi hanyar da uban ɗalibi zai bi ba, da ta riƙa yi mini ƙarya kamar grep ɗin can. Duk minti ɗaya curl, umarnin buɗe shafi, yana ƙwanƙwasa ƙofar, yana jira daƙiƙa goma. Sai ya rasa amsa sau uku a jere ake sake tayar da manhajar, domin ranar cunkoso tana iya jinkiri sau ɗaya alhali aiki take yi, kuma kashe ta a wannan hali zalunci ne ga waɗanda ke tsakiyar amfani da ita. Na kuma yi rajistar shafin a UptimeRobot, wanda ke leƙawa daga waje duk minti biyar a tsarinsa na kyauta, saboda idan sabar ce ta mutu ɗungurungum, masu gadin da ke cikinta sun tafi tare da ita.

Wata biyu ba wanda ya kira ni. Na yi ta yaba kaina a zuci.

Ranar wata Laraba na je makarantar karɓar kuɗin zango, wata malama mai koyar da lissafi ta tare ni a baranda. Dattijuwa ce, ta girmi mahaifiyata ma ina jin.

"Ɗana, abin nan naku yana da wata matsala. Jiya na shigar da makin yara arba'in da shida, ina danna ajiyewa ya fitar da ni, na dawo babu ko ɗaya. Karo na uku ke nan. Har ƙarfe ɗaya na dare ina sake bugawa."

Na ce, "Mama, me ya sa ba a faɗa mini ba?"

Ta ce ai in an sake buɗewa yana dawowa, sun ɗauka sabis ne.

Jikina ya yi sanyi. A cikin mota na buga systemctl show -p NRestarts, ya nuna mini an sake tayar da manhajar sama da sau sittin. Na buɗe journalctl, rajistar abin da ya faru, ga su nan a jere: status=9/KILL, kusa da kowanne kuma saƙon Linux cewa ƙwaƙwalwa ta ƙare, ya kashe wanda ya fi ci. Duk lokacin da wani ya nemi takardar sakamako ta PDF, manhajata tana buɗe burauzar Chromium sabuwa fil don ta zana takardar. Mutum huɗu ko biyar su nema a tare, gigabait ɗin ya cika. Linux ya kashe, systemd ya tayar cikin daƙiƙa biyar, ni ban ji komai ba. Shaidar shigar malamai kuma a ƙwaƙwalwar manhajar nake ajiye ta, don haka kowace mutuwa tana korar duk wanda ke ciki tare da aikin da bai ajiye ba. Abin da na gina don ya cece ni daga kiran waya ya ɓoye mini ciwon, ya ɗora wahalar a kan mutanen da ba su da hanyar sanin abin da ke faruwa. Wannan ya fi abin da ya faru a Daura yi mini zafi, domin a Daura aƙalla na ji kuka.

Mako guda na yi a kai. Takardun PDF yanzu ana zana su ɗaya bayan ɗaya cikin dare bayan an rufe shigar da maki, uba ya zo ya sauke wadda take a shirye. Shaidar shiga ta koma PostgreSQL. Shafin maki yana ajiye kowane layi da zarar malami ya bar shi. Na ƙara swap, wato ƙwaƙwalwar ko-ta-kwana a kan faifai, gigabait 1 don a samu wurin numfashi. Sannan na sa duk lokacin da aka sake tayar da manhajar, ko systemd ne ko mai duba /lafiya, saƙo ya shigo mini Telegram ɗauke da layuka talatin na ƙarshe na rajistar abin da ya faru. Idan saƙon ya shigo sau uku cikin awa ɗaya, ina barin abin da nake yi in zauna a kai.

Na koma makarantar da kaina na nemi malamar a ɗakin malamai, na ba ta haƙuri, na rubuta mata lambata a bayan rajistar ajinta, na ce ko sau ɗaya ya fitar da ita ta kira ni kai tsaye ba sai ta bi ta ofis ba. Ta kira sau ɗaya a zangon da ya biyo baya, ƙarfe goma na dare. Na duba Telegram babu saƙo, na duba sabar lafiya lau. Datarta ce ta ƙare.