Tsohon inji da bawul ɗin PCV: abin da aikin gareji ke koyarwa

Babu injin da ringinsa ke toshe fistan ɗari bisa ɗari. Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, wani hayaƙi yakan silale ya gangara cikin kaskon baƙin mai, ɗauke da tururin ruwa da fetur ɗin da bai ƙone ba. In bai sami mafita ba, sai ya matsa wa sil da gasket har su fara yoyo, ruwan kuma ya haɗu da mai ya zama dagwalo mai toshe hanyoyin mai. Tsohon inji, da ringinsa ya riga ya cinye, shi ya fi kowanne buƙatar mafitar.

Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1960 bututu kawai ake saka musu, bakinsa na kallon ƙasa, iskar tafiya ce ke janyo hayaƙin. Matsalarsa, in mota na tsaye ko tana jan ƙafa a cunkoso, ba ya jan komai. A 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara ganin sababbin motoci da bawul ɗin PCV, mai mayar da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da ke kai iska da fetur cikin silinda, ya ƙone.

To, ko dole ne a saka bawul? Numfashin inji, wato mafitar hayaƙin, dai dole ne. Motar ajiya da ta zo da bututu, ana juye mata mai a kan kari, za ta rayu haka. Amma wadda ke zirga-zirgar cikin gari kullum, bawul ya fi mata. Abin da ba shi da hujja shi ne yanke tiyon a bar shi yana reto, ko a cusa masa ƙusa, kamar yadda ake yawan gani. Buɗaɗɗen tiyo a ƙurar hunturu, yashi yake shigar wa inji.

Cikin bawul ɗin ɗan ƙarfe ne da sifirin. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, lokacin da zuƙar manifol ke da ƙarfi, yakan tsuke hanya. In aka taka totur ya buɗe. In inji ya yi tari ta baya ya rufe ruf, kada wuta ta kai kaskon mai. Shi ya sa girmansa ke da muhimmanci. Na babban inji a kan ƙarami zai shigar da iska fiye da kima, silo ya yi ta rawa, a yi ta murɗa kafireta a banza.

Wajen ɗaurawa, tiyon bawul gindin kafireta ko manifol yake zuwa. Sai a buɗe wa sabuwar iska wata hanya daga tukunyar tace iska, nesa da bawul ɗin. A tabbata akwai farantin kariya ƙarƙashinsa, in ba haka ba mai zai riƙa tsotsa, salansa ta yi shuɗin hayaƙi, a ɗora wa ringi laifi. Tiyon kuma mai jure mai ake so. Na ruwa yakan yi laushi ya manne.

Gwaji ba wuya: a ciro bawul ɗin a girgiza, lafiyayye zai yi ƙaras-ƙaras. Wannan kaɗai bai isa ba, a tada inji a ɗora yatsa a bakinsa, a ji yana zuƙa. In ya toshe, za a ga mai cikin tukunyar tace iska, ko gejin mai yana tasowa da kansa. Injin dizal kuwa ba shi da irin wannan zuƙar a manifol, kada a saka masa bawul na injin fetur.