Abin da ba ya gyaruwa a hoton biki

Sabon mai ɗaukar hoton biki yakan ji tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba. Ni ma haka na fara. Tsorona kada in ƙara ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, hoto ya yi yashi-yashi, kada kuma a raina ƙaramar kyamarata. Alhali yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta cikin minti ɗaya. Wanda ba shi da magani shi ne hoton da ya girgiza, da wanda fokas ya sauka a kunne ya bar ido, da farar rigar da ta ƙone, da katin ajiyar hotuna da ya mutu da aikin yini guda a cikinsa. Biki kuwa ba a maimaita shi don mai hoto. Saboda haka, ƙanina, ga inda na yi tuntuɓe, ka tsallake.

Saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, shi ne ya fi cutar da ni. A zaure mai ƙarancin haske, idan ka bar wa kyamara zaɓi, za ta sauka zuwa 1/30 ko 1/40 na daƙiƙa don ta tara haske. A ɗan allon bayan kyamara hoton zai yi maka kyau, har ka yi murmushi. Sai ka buɗe shi a kwamfuta ka tarar hannun amarya ya zama hayaƙi, fuskar ango ta zama biyu. Ga mutanen da suke tsaye cik, kada ka sauka ƙasa da 1/125. Masu tafiya, 1/250. Masu rawa ko yara masu guje-guje, 1/500. Idan da dogon gilashin kyamara mai zuƙo nesa kake aiki, misali 200mm, rawar hannunka ma ta isa ta ɓata hoto a ƙasa da 1/200. Kada na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi ko kyamara ta ruɗe ka: hannunka take riƙewa, ba ta riƙe mutumin da ke motsi a gabanka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka kafa shata da ƙofar haske (ramin da haske ke shiga ta cikin gilashi) da hannunka, ka bar ISO ya riƙa hawa da sauka da kansa. Ya kai 3200, ya kai 6400, ka ƙyale shi. Kuma ka saba da zuƙo hoto a allo har sai ka ga gashin ido kafin ka yarda cewa ya fita.

Sai ƙofar haske, wadda ake aunawa da lambar f: ƙaramar lamba tana nufin ƙofa a buɗe sosai. Duk wanda ya sayi gilashin 50mm f/1.8 yakan kamu da son bayan hoto mai laushi, ya bar shi a 1.8 tun safe har dare. Ga lissafin da ban yi ba a lokacin: a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai babbar na'urar ɗaukar haske a cikinta, idan mutum yana nesa da kai mita biyu, zurfin wurin da zai fito tar bai wuce santimita 17 ko makamancin haka ba. Taƙi ɗaya ke nan. In ango ya tsaya ɗan bayan amarya, ɗayansu ya tafi. Ga mutum biyu, ko dai ka daidaita fuskokinsu a layi ɗaya, ko ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4. Ga dangi masu sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, fokas a kan sahun gaba. Ka lura da mutanen gefe, domin kullum sukan lanƙwaso sahu su matso gaba kamar baka. Mayar da su baya. Sai dai akwai kuɗin da za ka biya: daga f/1.8 zuwa f/5.6 hasken da ke shiga ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa hoton dangi ya fi kyau a waje, cikin inuwa, tun rana ba ta faɗi ba.

A kan gilashi kuma, ka san kyamararka. Idan mai ƙaramin firam ce, 50mm yana zama kamar 75mm a Nikon da Sony, kamar 80mm a Canon. A ɗakin da amarya ke shiri za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango, hoton bai ɗauke ta duka ba. 35mm ya fi dacewa da irin wannan wuri. Mai faɗi irin 24mm kuwa yana miƙe duk wanda ya faɗa gefen hoto, ya ƙara masa ƙiba. Babu wadda za ta gode maka a kan wannan.

Farar riga ko mai ƙyalli tana da nata sha'ani. Ma'aunin hasken kyamara ba ya sanin fari ko baƙi. Ƙoƙarinsa ya mayar da duk abin da ya gani toka-toka. In fari ya cika hoto, sai ya rage haske, fuska ta yi duhu. In baƙaƙen kaya ko duhun zaure suka cika shi, sai ya ƙara, riga ta ƙone, duk ɗinkin da aka kashe wa kuɗi ya zama farar takarda. Abin ya fi tsanani idan fata mai duhu ce a cikin farar riga, domin tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo. In rigar tana ƙiftawa, rage haske har ta daina, fuskar kuma ka ɗaga ta daga baya. Wannan ba zai yiwu sosai ba sai ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Fayil ɗin JPEG bit 8 ne, RAW kuwa 12 ko 14, kuma a nan ne ake samun sararin ɗaga duhu da gyara launin fitilu ba tare da hoto ya farfashe ba. Na daɗe ina gudun RAW don yana cin kati. Rowar banza ce.

Rana tsaka ma abokiyar gaba ce: tana zuba inuwa a kwarmin ido, tana sa mutane runtse fuska. Nemi inuwar gini ko baranda, ka juya su su fuskanci fili. Inuwar bishiya mai tsaga-tsaga takan bar tabon haske a fuska, ka duba kafin ka danna.

Filasha idan ka harba ta kai tsaye, goshi zai yi maiƙo, bango ya ɗauki baƙar inuwa, bayan mutane ya zama dare. Juya kanta sama da ɗan baya, ta bugi silin ko bango, hasken ya dawo a baje. Amma ka ɗaga kai ka kalli silin ɗin tukuna. In ja ne, kowa zai fito ja. In ya yi nisa ko baƙi ne, zai shanye hasken, sai ka koma ga ɗan farin katin da ke kan filashar. Haske yana mutuwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, shi ya sa sahun gaba ke ƙonewa na baya na cikin duhu. Yawancin kyamarori ba sa tafiya daidai da filasha sama da 1/200 ko 1/250. Ka wuce nan, baƙin layi zai yanke hoton. A zaure mai duhu kuwa, filasha ce kaɗai ke ba ka damar karya dokar saurin shata da na faɗa a sama. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da motsi, don haka kana iya sauka zuwa 1/60 don fitilun wurin su fito a baya. Batiran filasha ka canza su kafin babban lokaci, kada ka jira su mutu. In sun yi rauni, hoton farko zai haska, na biyu da na uku su fito baƙi, kuma sau da yawa na biyun ne ke da murmushin.

Wani abin da ya ba ni mamaki da farko: layi-layi a hoto a ƙarƙashin fitilun LED. Fitilun suna ƙiftawa ne da saurin da ido ba ya gani, shata marar ƙara kuma ita ta fi kama wannan. Koma wa shata ta asali mai ƙara, ko ka kunna hana ƙiftawa in kyamararka na da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren jajibiri ka cika batira uku aƙalla, ka goge katunanka a cikin kyamarar da za ta yi aiki da su, ba a kwamfuta ba. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana kai megabait 25 zuwa 30, wato katin 64GB zai ɗauki wajen hoto 2,000. In kyamararka na da ramin kati biyu, sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. In ɗaya ne, raba yinin a kan katuna da yawa, don in ɗaya ya lalace kada ya tafi da komai. Sabon kati ka cika shi ka gwada kafin biki, akwai jabu masu nuna girman da ba su da shi. Kada ka zare kati fitilar rubutu na ci. A daren da ka dawo, ko idonka na rufewa, kwafe hotunan wuri biyu daban, kuma kada ka goge katin sai ka miƙa aiki. Kyamara ta biyu, ko ta aro ce, dole ce. Daidaita agogonsu, in ba haka ba hotuna za su cakuɗe wajen jerawa. In ka fito da kyamara daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura zuwa iska mai zafi da laima, gilashi zai yi raɓa, gogewa ba ta hana shi dawowa. Fito da ita minti goma sha biyar kafin ka buƙace ta.

Akwai kuma hoton da ba a ɗauka ba sam, wanda ya fi kowanne ciwo. Kai ba ka san kakar amarya ba, ba ka san wan ango da ya zo daga nesa ba. Ka karɓi jerin hotunan dangi a rubuce tun kafin ranar, ka roƙi kowane ɓangare su haɗa ka da mutum ɗaya da ya san kowa, shi zai riƙa kira, kai kana ɗauka. Fara da taro mafi girma da tsofaffi, ka sallame su su zauna, sannan ka riƙa ragewa. Kowane rukuni ka danna sau huɗu ko biyar, don a mutum ashirin da wuya a rasa mai ƙifta ido. Ka san tsarin shirin, ka tambayi mai jagorantar ɗaurin auren inda aka yarda ka tsaya da ko an yarda da filasha, ka riga kowa isa wurin.

Awa nawa za ka yi, hoto nawa za ka bayar, yaushe, duk a rubuta kafin ka taɓa kyamara. Ni alkawarin mako ɗaya na riƙa yi, ban san tace hoto 2,000 kaɗai yana cin kwanaki ba. Faɗi mako huɗu, ka kawo a uku. In kuma da hali, bukukuwa uku ko huɗu na farko ka bi wani gwani a matsayin mai ɗauka na biyu, ka riƙe masa jaka da fitila, ka lura da inda yake tsayawa minti ɗaya kafin abu ya faru.