Tambayar da Inna ta yi mini

Laraba, Jos. Sanyin hunturu ya matsa tun asuba.

Yau aka yi wa Auta gwajin metakolin, wato maganin da ake shaƙa domin a ga yadda hanyar iskar huhu take tsukewa, a binciken da muke yi kan asma. Abokin aikina ne ya gudanar, ni ina tsaye a gefe. An zaɓe shi cikin rukunin masu lafiya ne domin tun yana yaro ba a taɓa jin ƙirjinsa ya yi kuka ba. Ya busa sifirometa, na'urar auna numfashi, aka rubuta yawan iskar da yake fitarwa a sakan na farko, sannan ya riƙa shaƙar maganin ana ƙara masa ƙarfi mataki-mataki. Abin da ake dubawa shi ne ko adadin zai faɗi da kashi 20 cikin ɗari. Har aka kai miligiram 16 a mililita bai faɗi haka ba. Ya ɗan sauka, ya tsaya. Ya yi tari sau biyu, ya ce ji yake kamar an ɗaure masa ƙirji da ɗamara. Aka ba shi salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, kafin minti goma ya warware, na dawo gida da farin ciki.

Bayan magariba ya ba Inna labari yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba, ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Yanzu fisabilillahi, mai lafiya kuke nema ku shaƙe?"

Na ce, "Inna, sai mun san iyakar da hanyar iskar mai lafiya take tsukewa kafin mu gane ta mai asma. Ta mai lafiya takan tsuke kaɗan ta tsaya, kuma dogon numfashi yana sake buɗe ta. Ta mai asma kuwa ɗan magani kaɗan ya isa ta yi ta rufewa."

"To, in ta ƙi buɗewa fa?"

Na faɗa mata gaskiya, cewa metakolin an daɗe ana aiki da shi, kuma maganin buɗewa da iskar oksijin suna kusa. Abin da ban faɗa ba shi ne abin da ya faru a Baltimo ta Amurka a 2001, inda wata matashiya mai shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta rasu bayan ta shaƙi heksametoniyam a binciken yadda dogon numfashi yake kare huhu. Wani magani ne dabam, na sani, amma ita ma da ƙafarta ta je domin taimako, kamar Auta.

Wajen ƙarfe 11 na tsaya a ƙofar ɗakinsa ina sauraren numfashinsa. Da na juyo, na tarar da Inna a bayana, lulluɓe da mayafi.