Tsayawar jini ba ita ce ƙarshen barbarar karya ba

Duk mai karya a ƙauye, ta gadi ce ko ta farauta, ya san daren da karnukan gari za su cika bayan danga ana haushi ana faɗa har asuba ba mai runtsawa. Toh karyarka ce ta shiga barbara. Yawanci tana farawa daga wata 6 zuwa shekara, kuma galibi sau 2 take yi a shekara, kowanne ya ɗauki sati 2 zuwa 3.

Inda mutanenmu suke yin asara shi ne nan. Da farko gabanta zai kumbura, ka ga ɗigon jini a inda take kwanciya, tana yawan fitsari nan da can, wannan warin ne yake janyo mazan tun daga wata unguwa. Amma a kwanakin nan, wajen kwana 9, ba ta yarda da su, wanda ya matso ma sai ta kai masa cizo. Sai mutum ya ɗaure ta sati guda, ya ga jinin ya dushe ya koma ruwa-ruwa, yace ai ta gama ya kwance ta, alhali wallahi lokacin ne ma take tsayawa namiji ya hau ta, ka taɓa bayanta ta kawar da wutsiya gefe. Bayan kamar kwana 63 sai ga kwikwiyoyi, kuma haihuwa ɗaya tana iya zama uba biyu ko uku, shi yasa mafarauci zai biya a haɗa masa da kare mai gudu ya ƙare da 'ya'yan karen bola. In ba ka so ta ɗauki ciki, ɗaki mai ƙofa za ka sa ta sati 3 cur, igiya a gindin darbejiya ba ta hana namiji zuwa.

Sai maganar yara da jifa in sun ga karnuka sun maƙale. Don Allah a hana su. Gaban namijin ne yake kumbura a ciki, da kansu suke rabuwa, wani lokacin har rabin awa, jan su da ƙarfi ciwo yake ji musu duka biyun.

In kuma bayan sati uku jini bai tsaya ba, ko ka ga tsiro a gabanta, ko ruwa mai wari tana ta shan ruwa ba ta cin abinci, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai ta wajen likitan dabbobi.